Zan bar Android ɗin Google in koma GrapheneOS, wa ya taɓa gwadawa?

Ɗan Kaura: Salamu alaikum. Sana'ar POS nake yi a Gusau. Bara na ci bashi a wata manhajar rance, kwana uku kacal na makara suka bi lambobin da ke wayata suna tura saƙo, har surukina. An ce GrapheneOS, wato tsarin waya da ake ɗorawa a madadin Android ɗin Google, tana bari ka zaɓi lambobin da kowace manhaja za ta gani. Tecno ke hannuna, na tara kuɗin wayar Google Pixel 6a ta hannu. Tambayata ɗaya ce: manhajar banki za ta buɗe a kanta? Da ita nake ci da iyali.

Sarkin Yawo: Sayi iPhone ka huta, malam.

Ummu Hanifa: Mi ya kai ka sayen sabuwa? Ka ɗora ma Tecnon taka mana.

Injiniya: Hajiya, ba ta hawa Tecno. Wayoyin Pixel kaɗai take hawa. Kuma Ɗan Kaura, kafin ka biya ka shiga saitin ka duba ko OEM unlocking, wato maɓallin da ke ba da izinin canza tsarin wayar, na taɓuwa. Waɗanda aka kawo daga Amurka na kamfanin Verizon a kulle suke, ba mai buɗe su.

Baban Sadiq: Ni dai kada wanda ya sake kira min wannan magana. Wani yaro a kasuwar waya ya ce zai sa min LineageOS, shi ma wani tsarin waya ne, wai batir zai daɗe, Google ba za ta ga komai ba. Bai gaya min buɗe bootloader, wato makullin tsarin wayar, na share duk abin da ke cikin waya ba. Hotunan Hajjin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, suka tafi. Sunayen manoman da suka karɓi taki bashi a wajena daga Mafara har Bakura suka tafi. Wayar kuma ta tsaya a tambarin kamfani, sati biyu tana hannunsa. Da na matsa sai ya ce wai allon ciki ne ya ƙone. Har yau akwai mutum huɗu da suka rantse sun biya ni, ba ni da shaida.

Ummu Hanifa: Allah ya jiƙan Hajiya. Amma Baba, ba ka rubuta a littafi ba?

Baban Sadiq: 'Yata, littafin ne na bari don na yarda da waya.

Bello Gyara: Pixel 6a dubu 190 na sayar da ita wancan mako.

Injiniya: Wacce aka canza wa gilashi ke nan. Mai lafiya ta fi haka tsada.

Bello Gyara: Kai a YouTube ka koya. Shekarata 11 ina buɗe waya.

Injiniya: Masu buɗe wayar ne suka gama da ta Baban Sadiq. Ni da kwamfuta da kebul na ɗora tawa da kaina. Play Store ma ana sawa, sai dai tana zama kamar kowace manhaja, ba ta da iko a kan wayar. Google kuma za ta daina sabunta 6a a Yulin 2027, ka sa wannan a lissafi.

Sarkin Yawo: Ɗan Kaura faɗi gaskiya, Google kake ɓoye wa ko uwargida? 😂

Malam Na Tsafe: Wane sirri kuma? Layinka na haɗe da NIN, eriyar kamfani ta san unguwar da ka kwana, ko wace manhaja ka sa. Ku tuna Satumbar 2021 da aka katse sabis a Zamfara gaba ɗaya. Har Funtuwa na riƙa shiga mota don in kira ɗana, kafin can ma a katse.

Ummu Hanifa: Wallahi a lokacin kuɗin adashe a leda muke aikawa. Yanzu ma a unguwarmu sai ka hau katanga kafin saƙo ya fita, ga data na ƙarewa kamar ana zuba ruwa a kwando.

Bello Gyara: Nawa kuke sayen giga ɗaya a wajenku?

Ɗan Kaura: Injiniya, don Allah, taka manhajar bankin tana buɗewa?