Tafiya da keken guragu a jirgin ruwan yawon buɗe ido: ina neman shawara kan ɗaki da wuraren taruwa

Rukayya, Nima

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tambayata a kan mahaifinmu ce, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta hagu har ya koma zama a keken guragu. Yana iya miƙewa na ɗan lokaci idan an tallafe shi, amma ba ya iya taka matakala ko guda. Yayanmu da ke zaune a Italiya yana so ya ɗauke shi tare da Mma su yi mako guda a cikin irin manyan jiragen nan da ke zagaya Bahar Rum, domin Baba a tashar jiragen ruwa ta Tema, a nan Ghana, ya yi aikinsa har ya yi ritaya, kuma ya daɗe yana burin ya kwana a cikin jirgi irin waɗanda yake gani suna shiga suna fita. Mai sayar mana da tikiti ya ce kada mu damu, kowane ɗaki zai yi, tunda akwai lifta a ko'ina. Ni dai hankalina bai kwanta ba, saboda ni nake tura keken nan kullum. Shin ɗakunan jirgin suna karɓar keke? Yaya banɗakinsu yake? Wurin cin abinci da sauran wuraren da jama'a ke taruwa fa, mai keke yana iya kaiwa gare su ba tare da an cicciɓe shi ba? Allah ya saka da alheri.

Malam Sulemana, Ashaiman

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Na yi shekaru ina aikin gyaran ɗakuna a irin waɗannan jirage, don haka zan faɗa miki kai tsaye cewa maganar mai tikitin ba daidai ba ce, kuma kada ku biya ko fesuwa ɗaya a kan ɗakin da ba a gina shi domin mai keke ba.

Ƙofar ɗakin gama-gari a yawancin jirage faɗinta tsakanin inci 22 da 26 ne, keken babban mutum kuwa yakan kai inci 24 zuwa 27 idan an haɗa da ƙarfen da ake murzawa da hannu. Ke nan tun daga bakin ƙofa za a tsaya. Ko an naɗe keken an shigar da Baba, babbar matsalar tana jiransa a banɗaki, domin ƙofarsa ta fi ta ɗakin ƙunci, kuma ƙasansa ya ɗara na ɗakin tudu, sai an ɗaga ƙafa an taka. Dalili shi ne a masana'anta ake ƙera ɗakunan nan ɗungurungum a kawo a jera su a cikin jirgi, bututun ruwa suna bi ta ƙarƙashin banɗakin, kuma tudun yana hana ruwa malalowa idan jirgi yana tangaɗi. Wurin wankan ma ɗan lungu ne na mutum ɗaya a tsaye, wanda zai taimaka masa ba shi da inda zai sa ƙafa.

Ɗakin da aka tanada domin mai keke daban yake. Ƙofarsa takan kai inci 32, wato wajen santimita 81, ƙasan banɗaki daidai yake da na ɗaki ta yadda keke zai shiga har ƙarƙashin shawa, akwai kujerar wanka da ake naɗewa a jikin bango, akwai ƙarafan dafawa, kuma an bar filin da keke zai iya juyawa. Sai dai ba su da yawa ko kaɗan. Jirgin da ke da ɗakuna fiye da 2,000, irin waɗannan da wuya su kai 100, shi ya sa su ne suke fara ƙarewa, wani lokaci tun watanni da yawa kafin ranar tashi.

Ko a cikinsu ma akwai bambanci. Kamfanin Carnival, alal misali, ya raba nasa gida uku: wanda keke ke zagaya gadon ta kowane gefe, wanda ta gefe ɗaya kawai ake isa gadon, da kuma wanda aka yi wa mai iya tafiya da sanda, wanda har yanzu yana iya kasancewa da ɗan tudu a banɗaki. Na ukun ba zai yi wa Baba ba. Kuma tunda hagunsa ne ya shanye, ki tambaya ta wane gefe ƙarfen dafawa na masai yake, domin idan ta hagunsa ya faɗo, da shi da babu duk ɗaya. Ki nemi lambar ɗakin da hotonsa, a rubuto muku kafin ku biya.

Ki sani kuma ma'aikatan jirgi ba a yarda su ɗaga fasinja daga gado ko su yi masa wanka ba, kuma ba a barin keke a hanyar wucewa da daddare, dole ya kwana a cikin ɗaki. Nauyin nan ya fi ƙarfin Mma ita kaɗai. Yayanku ya nemi ɗaki ɗaya da su, ko wanda ke jikin nasu.

Hajiya Fati, Madina

Ƙanwata Rukayya, ni kaina a keke nake tun ina yarinya sanadiyyar shan inna, kuma na yi irin wannan tafiya daga Barcelona. Duk abin da Malam Sulemana ya faɗa a kan ɗaki haka yake. Zan ƙara ne a kan abin da ke wajen ɗakin, domin a can mutum yake wuni.

Gaskiya cikin sabon jirgi ya fi titunanmu sauƙi nesa ba kusa ba, ba kwata, ba rami, kuma na ji daɗin fita ni kaɗai in je in sha shayi ba tare da na roƙi kowa ba. Amma jirgin yana da tsawo, manyansu sun wuce mita 300, kuma hanyoyin ɗakuna an shimfiɗa musu kafet mai kauri wanda yake riƙe taya, mai turawa yana gajiya kafin a kai tsakiya. Da safe kuma amalanken masu gyaran ɗaki suna tare rabin hanya. Saboda haka idan akwai zaɓi, ku ɗauki ɗakin da yake kusa da lifta.

Liftar ma da ya ce tana ko'ina, tana nan, amma lokacin cin abinci da lokacin da aka tashi daga wurin kallo, sai ta yi ta buɗewa a gabanki maƙil da mutanen da za su iya hawa bene ɗaya da ƙafa. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai. Dabarar da na koya ita ce in shiga duk wadda na samu da wuri ko da ƙasa za ta yi alhali sama zan je, in biyo ta ta dawo, ko kuma in riga jama'a fita.

Wurin abinci iri biyu ne. Akwai inda kowa yake ɗiban wa kansa, nan cunkoso ne, kuma mai hannu ɗaya ba zai iya riƙe faranti ba. Ga Baba, babban ɗakin da ake zama a kawo wa mutum abinci ya fi, ku nemi teburi kusa da ƙofa tun ranar farko, za su cire kujera ɗaya ya shiga da kekensa. Ƙofofin fita saman jirgi a sha iska kuwa, wasu suna buɗe kansu kuma an yi musu gangara, wasu suna da nauyi da dokin ƙofa mai tudu saboda ruwan teku, musamman a tsofaffin jirage. A ranar farko yayanku ya zagaya shi kaɗai ya gane waɗanda keke ke bi, ya kuma gane inda banɗakunan masu keke suke a hawan da ake taruwa, domin ba kowane lungu ke da su ba. Alwala dai a ɗaki na riƙa yin ta a kan kujerar wankan nan, na fi samun natsuwa.

Abdul-Razak, Aboabo, Kumasi

Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Malam da Hajiya sun gama da cikin jirgi, ni zan taɓo doka da kuma sauka a garuruwa. Dokarmu ta nakasassu ta 2006, wato Act 715, ba ta bin mutum zuwa can. Jirgin da ya tashi daga tashar wata ƙasa ta Tarayyar Turai yana ƙarƙashin dokarsu mai lamba 1177 ta 2010, wadda ta fara aiki a Disamban 2012. Ta hana kamfani ƙin sayar wa mutum tikiti ko ƙara masa kuɗi don yana da nakasa, sai idan dalilin tsaro ne ko ginin jirgin ba zai iya ɗaukarsa ba, kuma ta wajabta a taimaka masa wajen shiga da fita kyauta. Sharaɗin shi ne a faɗi irin ɗakin da ake buƙata tun lokacin sayen tikiti, a kuma sanar da buƙatar taimako aƙalla awa 48 kafin lokaci. A Amurka ma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2005, a shari'ar Spector da Norwegian Cruise Line, cewa dokar nakasassu ta 1990 tana hawa kan jiragen da ke ɗauke da tutar wata ƙasa idan suna ruwan Amurka. To amma babu dokar da za ta samar da ɗaki idan sun ƙare, shi ya sa gaggawar ta fi komai.

Abin da na fi so ku duba shi ne jerin garuruwan da za a tsaya. A Barcelona, Genoa, Marseille, Naples da Civitavecchia jirgi yana jingina da gaɓa ne, a tura keke ta kan gada a sauka. A wurare kamar Santorini da Cannes kuwa, nesa da gaɓa yake tsayawa, sai a kwashi mutane a ƙananan jirage da ke hawa da sauka da igiyar ruwa. Kamfanoni irin su P&O da Cunard suna gwada fasinja ya tsallake tazarar santimita 45 da kansa kafin su bar shi ya shiga, kuma ko a inda ba a gwaji, kyaftin yana da ikon hana mai keke idan teku ba ta kwanta ba. Ku zaɓi zagayen da duk tashoshinsa na jingina ne. Sannan ku tabbatar an rubuta sunan Baba cikin masu buƙatar taimako idan hatsari ya taso, domin a irin wannan hali ba a amfani da lifta, ma'aikata ne ke saukowa da mutum ta matakala a wata kujera ta musamman.

Rukayya, Nima

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na auna keken jiya da tef ɗin ɗinkin Mma, inci 26 ne cif, kuma na tura wa Yaya duk bayananku. Wata tambaya guda: idan bizar Turai ta ƙi samuwa, wani maƙwabcinmu ya ce a tashi daga Durban, tunda 'yan Ghana ba sa buƙatar biza zuwa Afirka ta Kudu. Yaya kuka gani?

Malam Sulemana, Ashaiman

Maganar biza gaskiya ce 'yata, tun Nuwamban 2023 aka ɗauke ta ga mai ziyarar da ba ta wuce kwana 90 ba, kuma jiragen kamfanin MSC suna tashi daga Durban a lokacin zafin ƙasar. Sai dai gajerun tafiye-tafiyen da suka fi yawa daga can, zuwa Portuguese Island da Pomene a Mozambik suke, inda ake sauke mutane a ƙananan kwale-kwale zuwa kan yashi, abin da ba zai yiwu ga Baba ba. Idan burinsa zama a cikin jirgi ne yana kallon teku, babu laifi, ranar da kowa ya sauka ma ita ce ranar da lifta da wurin abinci suke zama nasa. Idan kuwa yana son ya ga gari, ku nemi wanda ke bin Cape Town da Walvis Bay, inda ake jingina da gaɓa. Kowanne kuka zaɓa, ku tafi da bututun taya na ajiya da famfon iska da sifana, domin babu mai gyaran keke a tsakiyar teku.