Yawon keke zuwa Tiga ta cikin gonakin Kadawa: ku ba mu shawara

Shugaban tafiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun tsai da magana cewa hutun bana a kan keke za mu yi shi, daga birnin Kano zuwa madatsar ruwa ta Tiga, mu kwana a hanya, mu dawo. Tafiyar ta kai wajen kilomita 70 idan aka bi titi kai tsaye. Akwai dattawa a cikinmu, akwai kuma waɗanda ba su taɓa wuce Na'ibawa a kan keke ba. Wanda ya san yankin ya taimaka mana da lokaci, hanya da masauki.

Ɗan Kura: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Shawarata ta farko, kada ku ce za ku bi titin Zariya tun daga fari har ƙarshe. Titin manyan motoci ne, kuma ba abin da za ku gani sai hayaƙi da tirela. Ku bi shi da sassafe bayan asuba kafin ya cika, in kun isa Ƙarfi ku karya ta hanyar Bunkure zuwa Rano. Daga nan ne tafiyar take fara daɗi. Ruwan da ake saki daga Tiga yana bin babban kanal ya ratsa ta ƙaramar madatsar Ruwan Kanya, sannan ya rarrabu cikin ƙananan kanal zuwa gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam. Galibinsu akwai turba a gefe wadda manoma ke bi da babura. Ita za ku kama. Ƙasa ce a shimfiɗe, ba hawa ba gangara, hagu da dama kore shar a tsakiyar rani, alhali daga can nesa ƙasa ta bushe ƙurmus.

Malamin makaranta: Na goyi bayan haka. Kuma yana da kyau yaran da ke cikinku su san abin da suke kallo. An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, a kan Kogin Kano, kuma tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Noman ranin da ake yi a Kadawa kaf da ruwanta ake yi, ƙarƙashin hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are. Tumatirin da ake lodi zuwa Legas, da shinkafar da ake sussuka a Kura, duk albarkacin wannan ruwan ne. Ni da so samu ne ku je a Disamba.

Ɗan Kura: Malam, a gafarce ni, amma Disamba ya yi wuri. Lokacin alkama ba ta tashi sosai ba, tumatir ma bai nuna ba. Ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu ya fi. Za ku tarar alkama ta fitar da kai tana kaɗawa, ana tsinkar tumatir, kwanduna jere a bakin gona an rufe bakinsu da ganye, 'yan dako na ɗorawa a mota. In kun leƙa kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a lokacin, sai kun sauka kun tura keken da hannu saboda cinkoso.

Malamin makaranta: To, kai ne ɗan gida, na sallama. Sai dai kada ya wuce tsakiyar Fabrairu, don daga nan zafi ke kunno kai.

Mai faci: Ni maganar keke zan yi. Masu siririyar taya irin ta tsere, ku bar ta a gida. Turbar kanal akwai rairayi, akwai tsakuwa, uwa uba ga tsidau. Ƙayar nan ƙarama ce amma tana huda tif wuri uku kafin ka ankara. Kowa ya zo da taya mai faɗi, tif biyu na ajiya, famfo, gam da faci. A duba birki da sarƙa tun a gida. Ƙurar hunturu tana cin sarƙa, don haka kowace yamma a goge ta da tsumma a ɗiga mai kaɗan, ba a malala ba. Sannan ku tuna iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Zuwa za ta tura ku, dawowa kuwa da ita za ku yi kokawa. Ku bar wa dawowar lokaci mai tsawo.

Ma'aikacin lafiya: Don Allah, don Annabi, kada kowa ya shiga ruwan kanal ko gefen dam da sunan wanka. Na san idan rana ta take, ga ruwa garau yana gudu, sai rai ya biya. Tsargiya tana nan a irin wannan ruwan, dodon koɗi ke ɗauke da ita, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Sai bayan makonni mutum ya fara ganin jini a fitsari. Ban da haka ma, babban kanal yana da ƙarfi, gefensa kuma santsi, wanda ya faɗa da wuya ya samu madafa. Alwala ma ku yi da ruwan rijiyar burtsatse na cikin gari. Ku riƙe ruwan gishiri da sukari, man kaɗanya saboda tsagewar leɓe, takunkumi saboda ƙura, da hular kwano ga kowa.

Hajiya: 'Ya'yana, guzuri kada ya yi yawa, ana samun abinci a hanya. Fura da nono ba sa yankewa a garuruwan nan, a Tiga kuma ga kifi, ƙarfasa da tarwaɗa, a soya muku da zafinsa a barbaɗa yaji. Dabino da ƙuli-ƙuli kawai za ku zuba a aljihu. Abin da nake roƙo shi ne ladabi. Gona ba wurin wasa ba ce. Ku yi sallama, ku yi wa mai ita barka da aiki, kada a taka kunya da taya, kada a ɗauki hoton matan mutane. Idan manomi ya ba ku kyautar tumatir ko albasa ku karɓa da godiya, amma in kuna so da yawa ku saya.

Shugaban tafiya: Allah ya saka da alheri, Hajiya. Saura masauki.

Ɗan Kura: Ku kwana a Rano daren farko, da safe ku leƙa duwatsun Rurum kafin ku nufi Tiga. Amma a tura mutum tun kafin ranar ya gai da dagaci ko mai unguwa, ya gaya musu yawanku da abin da ya kawo ku. Su za su faɗa muku halin da hanya ke ciki a makon, su kuma nuna muku inda ya dace ku sauka. Ba tafiyar dare, la'asar ta same ku a masauki. Dajin Falgore kuma kada ku sa shi a lissafi.

Mai faci: A ɗauki hayar a-kori-kura ɗaya ta riƙa bin ku a baya da ruwa, tabarmi da barguna. Dattijon da ya gaji sai ya hau da kekensa.

Shugaban tafiya: An amince. Makon ƙarshe na Janairu in sha Allah. Ɗan Kura, kai za ka je gaisuwar Rano. Mai faci, ranar Asabar kowa zai kawo maka kekensa ka duba. Wanda zai je ya rubuta sunansa kafin Juma'a don mu san girman motar da za mu nema.