Kallon motsi da raya shi a zuci: yaro da dattijo ɗaya suke a awon EEG, wato awon lantarkin ƙwaƙwalwa?

Nafisa: Assalamu alaikum. Ana cewa in mutum ya ga wani ya miƙa hannu ya ɗauki kofi, ko ya raya a ransa cewa shi ne ke ɗauka, sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi yakan farka ko da bai motsa ba. Don Allah masana, haka abin yake ga jariri, matashi da dattijo? Kuma ma'auni ɗaya za a yi musu?

Dakta Sulaiman: Wa alaikumus salam, Malama Nafisa. Yana farkawa a dukkansu, amma ma'aunin ba ɗaya ba ne. Abin da ake dubawa shi ne wata igiyar lantarki ta ƙwaƙwalwa mai suna "mu", wadda ake kamawa a tsakiyar kai, a wuraren manna wayoyin awo da ake kira C3, Cz da C4. In mutum yana zaune shiru tana da ƙarfi. Da ya motsa, ko ya kalli motsi, ko ya raya shi, sai ƙarfinta ya ragu. Raya motsin hannun dama yakan fi bayyana a C3, wato ɓangaren hagu.

A babba tana tsakanin zagaye 8 zuwa 13 a sakan ɗaya. A jariri kuwa 6 zuwa 9 ne, tana hawa yayin da yake girma. Wanda ya ɗora ma'aunin babba a kan jariri zai ce bai ga komai ba, alhali ba a zagayen da take ya duba ba. Ga tsofaffi ma takan ɗan sauka. Mafita: a sa kowa ya yi motsin na gaske tukuna, a gano inda tasa take raguwa, sannan a yi awon kallo da na rayawa a nan. Abin da aka fi gani ga dattijai shi ne aikin yana bazuwa ɓangarorin biyu, ba ya tsayawa gefe guda kamar na matasa.

Malam Habibu: Dakta ya gama magana a kan awo, sai dai kallo da rayawa ba su zo ɗaya ba wajen wahala. Jariri zai kalla, amma ba ka da yadda za ka ce masa ya raya. Iya raya motsi yakan fara zama sosai wajen shekara 5 zuwa 7, yana ci gaba da gyaruwa har ƙuruciya ta wuce.

To ta yaya za ki san mutum ya yi abin da aka ce? A ɗauki lokacin da ya yi motsin na gaske, a ɗauki wanda ya ɓata yana raya shi, a kwatanta. In sun yi kusa, yana yi. Tsofaffi sukan dace a motsi mai sauƙi, tazarar ta buɗe in motsin ya yi sarƙaƙiya. A kuma faɗa masa ya ji motsin a jikinsa, ba ya hango kansa daga nesa ba, domin na ji a jiki ya fi taɓa sashen motsi. Sannan a manna EMG, na'urar auna aikin tsoka, a dantse, don wasu sukan ɗaure tsoka ba su sani ba.

Hajiya Rabi: Ki kiyayi alfa ta ƙeya, ƙanwata, wato igiyar da ke fitowa daga sashen gani na ƙwaƙwalwa. Zagayenta ɗaya da na igiyar "mu", kuma tana raguwa da zarar ido ya kama wani abu. Saboda haka kada ki kwatanta bidiyon motsin hannu da baƙin allo. Ki kwatanta shi da wani abu mai motsi wanda ba jikin mutum ba, ki kuma duba O1 da O2, wuraren awo na ƙeya. In raguwar ta fi yawa a can, aikin ido kika auna.