A Daina Kiran Na Ɗaya, Na Biyu, Na Uku a Bikin Ƙarshen Shekara?

Malam Mai Lissafi: Assalamu alaikum. Zangon karatu na uku ya zo ƙarshe, an fara tattara sunayen ɗaliban da za a karrama. Ga matsayina, wanda ya ga ba haka ba ya fito mu tattauna: bikin bayar da kyaututtuka, yadda ake yin sa a yawancin makarantun sakandare, yana karya gwiwar ɗalibai fiye da yadda yake ƙarfafa su. Aji mai yara 40, uku za a kira. Kuma tun daga ajin farko har na ƙarshe, kusan fuskokin nan uku ne ke hawa dandamali. Wanda ya karɓi kyautar lissafi, kafin ya koma kujerarsa an sake kiransa ya karɓi ta kimiyya. Sauran 37 ba su da aiki sai tafi. Ni a ganina a daina kiran na ɗaya, na biyu, na uku a gaban jama'a, a kuma cire gurbin matsayi daga katin sakamako.

Baba Tsohon Shugaban Makaranta: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba ko kaɗan. Yabon gwani ya zama dole. Yaron da ya hana idonsa barci shekara guda, abokansa na hira yana bita, ka ce ranar da za a ambaci sunansa ma a hana shi? Wannan zalunci ne. Kuma su 37 ɗin da kake tausayi, ganin ɗan'uwansu a dandamali shi ke sa wasu su ɗaura ɗamara. Na shugabanci makaranta, na ga yaran da kishin kyauta ya tayar da su daga barci.

Malam Mai Lissafi: Allah ya ƙara girma, Baba. Wanda kishi ke tayarwa shi ne na huɗu da na biyar, masu hango kyautar kusa. Na talatin ya san ba zai kai ba, saboda haka bikin bai ce masa komai ba sai "kai ɗan kallo ne". Sannan ni nake haɗa maki, na san abin da ke raba na ɗaya da na biyu. Wani lokaci rabin maki ne, bayan an tara darussa goma an raba. Rabin maki kuwa yana iya zama ciwon kai ranar jarrabawa, ko bambancin hannun malamai biyu wajen duba rubutu. A kan wannan za mu ɗaga yaro ɗaya sama, ɗayan ya koma gida yana hawaye.

Hajiya Mahaifiyar Ɗalibai: Malam, ni maganar ta shafe ni ta fuska biyu. Babbar 'yata ba ta wuce na uku, ƙanenta kuma kullum yana can ƙasa. Katinsa sai na lalubo a ƙasan jaka, ya ninke shi ya sake ninkewa har ya koma kamar laya. Mahaifinsu in ya karɓa, gurbin matsayi kawai yake dubawa, ba ya ko karanta abin da malamin aji ya rubuta. To na san zafin da kake faɗa. Amma in kun cire matsayin, ta yaya zan san inda ɗana yake? Ka rubuta mini 62 a lissafi, ban san ko jarrabawar ce mai sauƙi kowa ya ci 80, ko mai tsauri ce 62 ɗin ma ƙoƙari ne ba.

Malam Mai Lissafi: Hajiya, tambayarki a kan hanya take. Sai a rubuta miki matsakaicin makin aji a gefen nasa, da abin da ya ci a zangon baya. Da waɗannan biyu kin san inda yake, kin san ko gaba yake yi ko baya, ba tare da an liƙa masa "na 38" a goshi ba. Kuma ba mafarki nake ba. Ƙasar Singafo tun 2012 ta daina shelanta sunayen ɗaliban da suka fi kowa maki a jarrabawar ƙasa, daga 2019 kuma ta cire matsayin aji daga katin sakamako. Karatunsu bai lalace ba: a gwajin PISA na 2022, wanda ake auna ɗaliban ƙasashen duniya da shi, su suka zo kan gaba a lissafi da karatu da kimiyya.

Baba Tsohon Shugaban Makaranta: To ka ƙarasa labarin mana, Malam. Singafon nan har gobe tana bai wa ɗaliban da suka fi maki tallafin karatu a ƙarƙashin shirinta na Edusave. Shelar suka rage, ba su daina karrama gwani ba.

Malam Mai Lissafi: Haka ne, Baba. A cikin shirin nan kuma akwai kyauta ta musamman ga wanda ya fi samun ci gaba, akwai ta kyawun hali. Ƙofofi suka ƙara. Mu ƙofa ɗaya muka bari.

Malama Mai Kimiyya: Ku ba ni dama in sa baki, domin an yi bincike a kan wannan kuma bai tsaya ɓangare ɗaya ba. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun ɗauki ƙananan yara masu son zane da kansu, suka raba su uku. Rukunin farko aka ce musu in sun yi zane za a ba su takardar yabo. Na biyu aka ba su takardar ba zato bayan sun gama. Na uku ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka ajiye kayan zane ba tare da alkawarin komai ba, sai rukunin farko suka yi kusan rabin lokacin da sauran suka yi suna zane. Abin da suke yi don sha'awa ya koma aikin lada, da ladan ya ɗauke sai sha'awar ta bi shi. Wannan hujja ce ga Malam.

Amma ga ta Baba. A yammacin Kenya, a farkon shekarun 2000, an yi wa 'yan mata 'yan aji shida na firamare alkawarin biyan kuɗin makaranta na shekara biyu in suka shiga cikin kashi 15 cikin 100 na sama, har da taron karramawa a gaban iyaye. Michael Kremer, wanda ya samu kyautar Nobel a 2019, da abokan aikinsa sun bi diddigin shirin. A gundumar Busia makin 'yan matan ya tashi, har da na waɗanda tun farko ba su da alamar ci, malamai ma fashinsu ya ragu. Wato gasa tana iya ɗaga aji gaba ɗaya. Sai dai a lura: kashi 15 cikin 100 ne, kuma da 'yan wasu makarantu ake fafatawa, saboda haka aji guda suna iya haɗa kai. Namu kuwa kujera uku ce, abokin hamayyarka kuma shi ne wanda kuke zaune benci ɗaya.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe: Malamai da iyaye, ku yi mini afuwa in faɗi nawa, tunda ina cikin waɗanda ake kira. Baba, gaskiya ranar akwai daɗi, musamman in ka hango mahaifiyarka ta miƙe tsaye. Amma daɗin yini ɗaya ne, fargabar kuwa ta shekara ce. Tun da aka fara ce mini "mai ƙwaƙwalwa" nake tsoron ɗaga hannu a aji, kada in yi kuskure a ce ashe ba ta kai ba. Ina cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo, na fita, don kada atisaye ya ci mini lokaci ta biyu ta wuce ni. Ita ma ta biyun ƙawata ce, amma in jarrabawa ta matso ba mai nuna wa wata littafinta. Wannan ne ya fi damuna.

Malama Mai Kimiyya: 'Yata, abin da kika faɗa an gwada shi. A 1998 masu bincike Claudia Mueller da Carol Dweck sun ba 'yan aji biyar na firamare tambayoyi, wasu aka yabe su da "kana da basira", wasu da "ka yi ƙoƙari". Waɗanda aka yaba wa basira suka riƙa zaɓen aiki mai sauƙi, da suka haɗu da mai wuya suka sare da wuri, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nasu suka ƙara wa makinsu da aka ce su faɗa wa wasu yara. Kalmomin da mai gabatarwa ke furtawa a lasifika ranar biki ba ƙaramin abu ba ne.

Baba Tsohon Shugaban Makaranta: 'Yata, na ji ki, kuma maganarki ta taɓa ni. Amma fargabar nan ita ce ta kai ki inda kike. Gobe za ki nemi gurbin jami'a, za a jera ku da maki, ba wanda zai tambayi ko zuciyarki ta yi sanyi. Gara ki saba tun yanzu a hannun malaman da ke ƙaunarki.

Malamin Wasanni: Baba, ni gasa ce sana'ata, ba zan ce a kashe ta ba. A fili yaro yake koyon faɗuwa ya tashi ya miƙa wa wanda ya kayar da shi hannu. Kukana daban ne. Ku dubi jadawalin bikin: kyaututtukan darussa su ci sa'a biyu, baƙi su yi jawabi, sai rana ta yi zafi mutane sun fara fita a ce "kofin ƙwallo, kofin gudu", a miƙa a gurguje. Ƙungiyar muhawara da ta kacici-kacici wani lokaci ko ambatonsu ba a yi. Akwai wani yaro da shekarar nan duka shi ke zuwa da wuri ya shata layin fili da farar ƙasa, ya ɗaura raga, in an tashi ya ƙirga ƙwallaye ya mayar ɗakin ajiya. Ba ya cikin 'yan wasa goma sha ɗaya, ba ya cikin na ɗaya zuwa na goma a aji. Babu takarda ɗaya a makarantar da ta san da shi. Akwai lambar yabo ta Duke of Edinburgh da aka kafa a Birtaniya a 1956, yanzu ana yin ta a ƙasashe sama da 100: aikin sa-kai, motsa jiki, koyon wata fasaha, da tafiyar juriya. Matashi ba ya gasa da kowa, abin da ya ɗaukar wa kansa zai cika, a ba shi tagulla ko azurfa ko zinariya. Irin wannan yaron a can yana da wurin zama.

Hajiya Mahaifiyar Ɗalibai: To me zai hana kowane ɗalibi a nemo masa abin da ya iya, a ba shi takardar yabo? Kowa ya koma gida da wani abu a hannu.

Malama Mai Kimiyya: Hajiya, a nan sai an yi hattara. Todd Rogers na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun gwada takardar yabo ta rashin fashi a kan ɗalibai sama da 15,000 a Kaliforniya. Waɗanda aka aika wa takardar ba zato, don sun yi wata guda ba fashi, sai fashinsu ya ƙaru a watan da ya biyo. Takardar ta nuna musu cewa sun wuce abin da ake bukata, sai suka sassauta. Waɗanda aka yi wa alkawarinta tun gaba kuma, a jimlace ba abin da ya canza. 'Yan sakandare ba jarirai ba ne, suna gane yabon da aka yi don a rarrashe su.

Baba Tsohon Shugaban Makaranta: Yauwa, Malama. Kyautar da kowa ya samu ba kyauta ba ce.

Malam Mai Lissafi: Ni ma ban nemi a raba wa kowa ba, Baba. Abin da nake so a auna shi ne tafiyar da yaro ya yi. Yarinyar da ta fara shekara da 31 a lissafi ta gama da 58 ta yi aikin da ya fi na wanda ya tashi daga 88 zuwa 90, kuma ni da na koyar da su na sani. Ita ce ta riƙa tsayawa bayan an tashi tana sake yin tambayoyin da ta faɗi. In aka kira ta, duk wanda ke bencin baya ya san kyautar nan hannunsa zai iya kaiwa.

Baba Tsohon Shugaban Makaranta: Ka san halin yara. Da sun gane, wani zai kwantar da kai a zangon farko da gangan, ya zabura a na uku ya ɗauki kyautar ci gaba. Sannan wanda ke da 88 ina zai hau? Ka rufe masa hanya don ya yi ƙoƙari tun farko.

Malam Mai Lissafi: Sai a auna daga sakamakon ƙarshen shekarar da ta wuce, ba daga zangon farko ba. Da wuya yaro ya yarda ya zubar da shekara guda don kyautar baɗi. Mai 88 kuma a sa ma'auni: duk wanda ya kai 80 a darasi a kira shi, ko su biyu ne ko su tara. Ya samu yabonsa, kuma ba sai ƙawarsa ta faɗi ba kafin ya ci.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe: Malam, da haka ake yi da ban bar wasan kwaikwayo ba.

Baba Tsohon Shugaban Makaranta: Ma'aunin 80 na karɓa, kyautar ci gaba ma a gwada. Amma gwarzon shekara guda ɗaya, wanda ya fi kowa a makaranta, wannan ba zan sa hannu a soke shi ba. Kuma ku shirya wa iyaye, domin ranar da katin farko ya fita babu matsayi, ofishin shugaba zai cika.

Hajiya Mahaifiyar Ɗalibai: Mahaifin yarana ma yana cikin waɗanda za su zo. Malam, in za ku kai maganar taron malamai, ku kira iyaye tukuna ku nuna mana samfurin sabon katin, a yi mana bayanin matsakaicin makin nan da baki. Kuma yaron da ke shata fili, Malamin Wasanni, ka rubuta sunansa ka miƙa wa kwamitin biki tun kafin su rufe jerin na bana.

Malamin Wasanni: Gobe da safe in sha Allah, Hajiya. Sai dai a takardar kwamitin babu gurbin da zan sa shi, dole in rubuta da hannu a ƙasa.