Wai rubutun Turanci hadda ce zalla?

Baban Yara: Jama'a, ina da ƙorafi kan koyar da karatu ta hanyar sauti da ake yi wa yaranmu. 'Yata kullum tana "sss, a, t". Na nuna mata *knife*, sai ta ce min "kinife". Mu A B C muka rera, muka haddace kalmomi, ga mu muna karatu lafiya lau. Ni dai a ganina Turanci ba shi da ƙa'idar rubutu, hadda ce kawai.

Malamar Aji Ɗaya: Alhaji, ai wannan "kinife" abin a tafa mata ne, da kanta ta haɗa baƙaƙen. Saura a gaya mata ba a furta *k* idan ya zo kafin *n* a farkon kalma, shi ke nan ta samu *knee*, *know* da *knock* a ɓagas. Haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44, shi ya sa wasu ke tafiya bibbiyu, irin su *sh*, *ch* da *oa*.

Baban Yara: To Malama, *though*, *through*, *tough* da *cough* fa? Ƙarshensu iri ɗaya, furuci huɗu.

Malamar Aji Ɗaya: Nan kam kun kama ni, waɗannan sai hadda. Amma ba a ƙone rumbu saboda ɓera.

Ɗalibin Harshe: Baba, yarinyar nan tsohon Turanci ta yi muku, domin can baya Turawa na furta *k* ɗin. Haka *gh* na *night*, wani sauti ne daga maƙogwaro mai kama da "kha" ta Larabci. William Caxton ya kawo injin ɗab'i Ingila a 1476, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, baki kuwa ya ci gaba da tafiyarsa, musamman dogayen wasula da suka yi ta sauyawa tsakanin wajen 1400 zuwa 1700. Har da ƙarin gishiri: *b* na *debt* masana ne suka cusa shi don kalmar ta yi kama da asalinta na Latin.

Alaramma: Ni abin dariya yake ba ni. Wane yaro ne a makarantar allo ke zarcewa hadda bai yi babbaƙu da farfaru ba? Sai ya san baƙi, ya san wasali, sannan ya haɗa. Alhaji, kai ma ta nan ka biyo.

Baban Yara: Allah ya gafarta Malam, Larabci mai wasali yadda aka rubuta haka ake karantawa. Haka ma bokonmu.

Ɗalibin Harshe: Bokon namu ma da sauƙi-sauƙi, Baba. Idan na rubuta "gari", na tuwo nake nufi ko na zama? "Kuka" na miya ko na hawaye? Ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti, jimla ce ke raba gardama. Shi kuma Turanci sau da yawa ma'ana yake karewa, ko da furuci ya kauce. Dubi *walked*, *played*, *wanted*: "t" ake ji a ta farko, "d" a ta biyu, "id" a ta uku, amma duk *-ed* ake rubutawa don mai karatu ya gane aikin ya wuce. *Sign* ta riƙe *g* ɗinta ne saboda 'yar'uwarta *signature*, inda ake jin sa ɓaro-ɓaro. Wanda ya iya yanka *unhelpful* gida uku, wato *un-help-ful*, ba ya buƙatar haddace ta.

Malamar Aji Ɗaya: Su kansu masu harshen, tun 2012 a Ingila ake gwada 'yan shekara shida da kalmomi 40, rabinsu na ƙirƙira ne marasa ma'ana, don a tabbatar yaro haɗawa yake yi, ba tuno hoton kalma ba.

Hajiya Babba: Yauwa 'yata, nan nake jiran ki. Ɗan Ingila idan ya haɗa *goat* ya riga ya san dabbar. Jikana zai karanta shafi guda tiryan-tiryan, ki tambaye shi me aka ce, sai ya zuba miki ido.

Malamar Aji Ɗaya: Gaskiyarku Hajiya, sauti ba ya ba da ma'ana. Ni da so samu ne, yaro ya fara iya karanta Hausa, ana yi masa hira da Turanci a gefe.

Baban Yara: Na janye rabin maganata. Amma Malama, ranar da za ki koya musu *ough*, a ajiye min kujera a bayan aji.