Neman kalma: me za mu kira tafiyar jirgin ruwan da Turawa ke ce wa cruise?

Jama'a, assalamu alaikum. Taimako nake nema a kan wata kalma. Ingilishi suna cewa cruise, Faransawa su ce croisière, Larabawa kuma rihla bahriyya, mu kuwa har yau ba mu tsayar da tamu ba. A watan Fabrairun 2020, da aka killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum wajen 3,700 a ciki saboda korona, kowane mai ba da labari da irin sunan da yake kiransa: jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido, jirgin ruwa na alfarma, jirgin shaƙatawa. Duk ana ganewa, amma babu wanda ake iya juyawa cikin zance a ce "Baba ya tafi kaza" ko "kamfanin kaza ya fi araha".

Abin da ya tayar da maganar shi ne dattawanmu sun fara shiga harkar. Mutum ya yi ritaya, 'ya'yansa suna Ingila ko Amurka ko Saudiyya, sai su haɗa kuɗi su ce a biya masa ya je ya huta. Da yawansu su kaɗai za su tafi, ko dai abokin zama ya rasu, ko ba shi da ƙarfin tafiya. In za ka zaunar da mai shekara saba'in ka yi masa bayanin abin da za a saya masa da kamfanin da ya dace da shi, sai ka samo kalmomin da zai riƙe, ba ka yi ta jefa masa Turanci yana gyaɗa kai don kara ba.

Ga yadda abin yake. Jirgi ya tashi da yamma, ya kwana yana tafiya, gari ya waye muku a wata tasha, a sauka a zaga gari, a dawo kafin lokacin tashi, ya ƙara gaba. Ɗakinka ɗaya ne, ba ka sake ɗaure kaya, abinci kuma a cikin jirgi. Bayan kwana bakwai ko goma ko fiye, akasari ya mayar da kai inda ya ɗauko ka. Ba sabon abu ba ne. A 1891 Albert Ballin na kamfanin Hamburg-Amerika ya ga fasinjojin tsallaka Atalantika sun yi ƙaranci lokacin hunturu, sai ya tura jirginsu Augusta Victoria ya zaga Bahar Rum da masu son ganin duniya na kusan wata biyu. A 1900 kamfanin ya ƙera Prinzessin Victoria Luise, jirgin farko da aka yi domin wannan aiki kaɗai.

Shawarata ita ce rangadin ruwa. Mai rangadi yana fita ne ya bi gari-gari, ya tsaya nan ya tsaya can, ya komo gida. Daga nan sai mu sami jirgin rangadi, kamfanin rangadin ruwa, da zango ga kowace tashar da aka tsaya. Ina sauraronku.

Wani malamin Hausa daga Damagaram: Malam, sannu da ƙoƙari, amma rangadi kalmar mulki ce. Sarki ke rangadi, hakimi ke rangadi, Nasara ya yi rangadi yana duba haraji da jangali. Tsohon da ya je hutawa wa zai duba? Ni na fi son balaguron teku.

Mai zare, wato wanda ya kawo tambayar: Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne da sarauta muka san ta. Sai dai ta daɗe da fita daga fada. Makaɗa da mawaƙa suna rangadi, masu wa'azi suna yi, ɗan siyasa ma yana rangadin jihohi. Abin da ya haɗa su duka shi ne zagayen da tsayawar, kuma su ne ƙashin bayan wannan tafiya. Balaguro kuwa duk wanda ya bar gida ya yi shi, ko da ta'aziyya ya tafi. Sannan in muka ce teku mun bar koguna a baya. Jiragen da ke bin kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan a Masar, kwana uku ko huɗu, da na kogunan Danube da Rhine a Turai, duk irin wannan tafiya ce, kuma ga dattijon da ke gudun jiri su ne ma suka fi sauƙi tunda babu igiyar ruwa. Shi ya sa na ce ruwa.

Wani dattijo daga Zariya: Ɗana, bari in ƙara muku wani abu. Mu da muka tafi karatu Ingila bayan samun mulkin kai, jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster muka shiga daga Apapa zuwa Liverpool, kusan mako biyu a kan ruwa, ana tsayawa Saliyo da Las Palmas. Amma wannan ba shi ne abin da kuke magana a kai ba. Mu zuwa za mu yi, jirgin hanya ce kawai. Kada ku haɗa su a suna ɗaya.

Mai zare: Ranka ya daɗe, Baba, ka warware mana babban ƙulli. Irin naku fito ne, ko da tekun ya kai faɗin da ya kai. Aureol ya daina zuwa Legas a 1974 bayan jirgin sama ya kwashe fasinjoji, kuma yau saura jirgi ɗaya tak a duniya da ke wannan aiki a kai a kai, wato Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, wanda ke ɗaukar kwana bakwai daga Southampton zuwa New York babu zango ko ɗaya. To mu kira wancan fiton teku, wannan kuma rangadin ruwa. Bambancin yana da amfani ga mai zaɓe. Wanda gwiwarsa ba ta son hawa da sauka kullum, fito ko rangadi mai ƙarancin zango zai nema. Wanda ganin garuruwa ya fitar da shi gida kuwa, sai ya ƙirga zangunan kafin ya dubi farashi.

Wani matashi daga Kano: Yaya, me zai hana mu ce kuruz kawai? Ai mota da asibiti da kwamfuta duk aro ne.

Mai zare: Ƙanena, aro ba laifi ba ne. Matsalar ita ce ku matasan Najeriya kun riga kun ɗauki wannan kalma da ma'anar raha da ba'a. In ka ce wa mutum "an biya wa Baba kuɗin kuruz", zai ɗauka zolaya kake yi.

Wata Hajiya daga Kaduna, tsohuwar ma'aikaciyar jinya: Ku yi haƙuri in katse ku. Sunan jirgi bai dame ni ba kamar abin da ake kira single supplement. Bayan rasuwar maigidana 'yata ta turo mini tallar wani rangadi, na ga farashi na ce to, zan iya. Da muka zo biya muka sa mutum ɗaya, sai kuɗin ya kusa ninkawa. Ashe farashin da suke rubutawa na kowane mutum ne idan ku biyu ne a ɗaki, kuma da ƙananan haruffa suke rubuta hakan a can ƙasa. Wannan ku samo mana sunansa, don kada wata ta sa rai kamar yadda na sa.

Mai zare: Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji ya sa ya huta. Wannan ita ce kalmar da ta fi kowace muhimmanci ga mai tafiya shi kaɗai, kuma na ji daɗi da kika kawo ta. Wasu sun turo mini "kuɗin kaɗaici", wani ma ya ce "harajin gwauro". Ban yarda da ko ɗaya ba. Wadda ta fita takaba ta yi ƙarfin hali za ta ga duniya, bai kamata a tarbe ta da kalmar da ke tuna mata rashinta ba, balle a yi mata shaguɓe. Ni na ce kuɗin gurbi. Kamar dai a tasha ne, in kana son gidan gaba kai kaɗai sai ka biya kuɗin mutum biyu. Gadon da babu kowa a kai ake cajin ki, saboda kamfani ya yi lissafin mutum biyu a kowane ɗaki, da abin da za su kashe a shaguna da fita zaga gari. Wani lokaci rabin farashi ake ƙarawa, wani lokaci ninki cur.

To da kalmar a hannu, tambayar farko ga kowane kamfani ita ce: nawa ne kuɗin gurbi, kuma kuna da ɗakin mutum ɗaya? A nan ne kamfanoni suka bambanta sosai. Kamfanin Norwegian ne ya buɗe hanya a 2010 da jirginsa Epic, mai ɗakuna 128 na mutum ɗaya. Ƙanana ne, kamar murabba'in mita tara, babu tagar da ke kallon teku, amma suna da falo na musamman wanda katin ɗakinsu kaɗai ke buɗewa, inda masu tafiya su kaɗai ke haɗuwa su sha shayi su shirya cin abinci tare. Cunard ya ƙara ɗakunan mutum ɗaya guda 15 a Queen Mary 2 a 2016. Saga na Ingila kuwa domin waɗanda suka kai shekara 50 aka yi shi, jiragensa na teku biyu, Spirit of Discovery da Spirit of Adventure, kowanne fasinja 999 ne, kuma kusan ɗaki ɗaya cikin biyar na mutum ɗaya ne. Irin waɗannan ɗakuna su ake fara kamawa, don haka da wuri ake nema.

Hajiyar Kaduna: Kuɗin gurbi ya yi mini. To girman jirgi fa? 'Yata tana ta nuna mini manya-manyan nan.

Mai zare: A nan ne nake ƙin kalmar "jirgin alfarma", Hajiya, domin tana sa mutum ya zaci babba shi ne mafi kyau. Icon of the Seas na Royal Caribbean, wanda ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, tsawonsa mita 365. An gina shi ne domin iyalai masu yara, da wuraren wasan ruwa da kiɗa ta ko'ina. Daga ɗaki zuwa wurin cin abinci ma tafiya ce, sau uku a rana, kuma fuskar da kika gani yau ba lallai ki sake ganinta ba. A jirgi mai mutum dubu ko ƙasa, irin na Saga ko na Viking mai fasinja 930 wanda ba ya ɗaukar 'yan ƙasa da shekara 18 kuma babu gidan caca, kafin kwana uku mai kawo miki abinci ya san sunanki, ranar da ba ki fito karin kumallo ba kuma akwai wanda zai lura. Ga wanda ba shi da kowa a jirgi, wannan ya fi duk wani ƙawa.

Akwai kuma wanda ya fi kusa da mu. Kamfanin Aroya na Saudiyya ya fara rangadin Bahar Maliya daga Jidda a Disamban 2024, babu giya babu caca, abinci halal, da wuraren salla. Jirgin babba ne, fiye da mutum 3,000, amma wanda ya saba zuwa Umara bai baƙunta da hanyar ba.

Saura abubuwan da ba sa cikin farashin talla. Manyan kamfanonin Amurka suna ɗora tukuicin ma'aikata a kan lissafin ɗaki, wajen dala 16 zuwa 20 ga kowane mutum a kowace rana. Asibitin jirgi na kuɗi ne kuma da tsada, don haka inshorar lafiya wajibi ce, magungunan hawan jini ko suga kuma a riƙe su a jakar hannu. A tambaya ko akwai zangon da jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, inda ake sauke mutane a ƙaramin jirgi yana rawa a kan ruwa. Biza kuma ta kowane zango ce, ba ta tashar farko kaɗai ba. Rangadin da ya fita yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ya sake komawa yana buƙatar bizar shiga sau da yawa, in babu ita tun a bakin jirgi za a mayar da mutum.

Malamin Damagaram: Na karɓi zango da kuɗin gurbi hannu biyu. Rangadi zan gwada shi a aji in ji yadda ya zauna a bakin ɗalibai. Amma ranar da jirgi ya wuni yana tafiya babu zango fa, me za mu ce mata? Tunda kun ce dattijo ya ƙirga zangunan kafin ya biya, ita ma tana buƙatar suna.