Biyan kuɗin wata-wata domin haɗa manhajojin kasuwanci: shin ya dace da ƙaramin ɗan kasuwa?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kwamfuta, da kuma waɗanda suka taɓa shiga irin yarjejeniyar da zan bayyana. Muna da shago a Kantin Kwari inda muke sayar da atamfa da shadda da leshi, sari da ɗai-ɗai, muna kuma da sito guda da ƙaramin reshe wanda ƙanena yake kula da shi. A 'yan shekarun nan ciniki mai yawa ya koma waya: mai saye ya ga kaya a WhatsApp, ya turo kuɗi ta banki, mu kuma mu kai masa kayan tasha a ɗora a mota.

Damuwata ita ce bayanan cinikin suna warwatse a wurare huɗu. Akwai littafin shago, akwai teburin Google Sheets da mai sito yake rubuta shiga da fitar kaya, akwai manhajar lissafi da akantanmu yake amfani da ita, sannan ga alat na banki da rasit na na'urar POS. Kowace yamma sai yaro guda ya zauna yana kwafe lambobi daga nan zuwa can, kuma da wuya mako ya ƙare ba mu sayar da turmin da ya riga ya ƙare a sito ba, sai mu koma muna ba mai saye haƙuri.

Wani kamfani ya yi mana tayin haɗa waɗannan abubuwa su riƙa aika wa juna bayani da kansu, mu kuma mu riƙa biya kowane wata, kuɗin da ya kusa albashin yaron shago guda. Wani matashi kuma ya ce zai yi mana aikin gaba ɗaya mu biya shi sau ɗaya, shi ke nan. Hankalina ya fi karkata ga matashin, domin ban ga dalilin da zai sa in dawwama ina biyan haya a kan aikin da aka riga aka gama ba. Ko akwai abin da ban hango ba?

Injiniya Bature ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai abin da ba ka hango ba, kuma yana cikin maganarka ta ƙarshe, inda ka ce aikin da aka riga aka gama. Haɗa manhajoji ba ya gamuwa kamar yadda ake gama ginin katanga, domin ba kai ne mai manhajojin da ake haɗawa ba. Kowace daga cikinsu tana da ƙofar da mai ita ya buɗe domin wasu manhajoji su yi magana da ita, wadda masu sana'ar suke kira API, kuma mai ƙofar yana da ikon sauya ta duk ranar da ya ga dama. Yana iya sauya tsarin bayanan da take fitarwa, yana iya rufe tsohuwar ya buɗe sabuwa, izinin shiga da aka ba ka yana iya ƙarewa. Ranar da hakan ya faru, sadarwar tana tsayawa ne shiru, ba ƙara ba hayaniya, sai bayan kwana goma akanta ya lura cewa cinikin mako guda bai shiga littafi ba. Saboda haka kuɗin wata-wata, idan kamfanin na gaskiya ne, ladan tsaro ne da gyara, ba ladan aikin farko ba.

Sai dai ya kamata ka san abin da ke ƙarƙashin tayin kafin ka sa hannu. Kamfanoni da yawa masu irin wannan hidima ba daga tushe suke rubuta komai ba, suna ɗora aikin ne a kan dandalin da aka gina domin haka. Sanannu su ne Zapier na Amurka, da Make wanda a da ake kira Integromat kafin a sauya masa suna a 2022, da kuma n8n na Jamus wanda mutum zai iya ɗorawa a kan tasa kwamfutar ko wadda ya yi haya a intanet. Wannan ba laifi ba ne, amma yana shafar aljihunka, saboda yawancin dandalolin suna ƙirga aiki ne ɗaya bayan ɗaya. A Zapier, alal misali, kowane mataki da aka aiwatar cikin nasara ana lissafa shi a matsayin aiki guda, kuma tsarinsu na kyauta aiki 100 kawai yake bayarwa a wata.

Mu ɗauka kana yin ciniki 40 a rana, kuma kowane ciniki yana buƙatar mataki uku: a rage kayan daga teburin sito, a shigar da cinikin a manhajar lissafi, a aika wa mai saye saƙon tabbatarwa. Ka ga aiki 120 ke nan a rana, wato 3,600 a kwana 30. Idan azumi ya zo aka shiga cinikin kayan sallah, adadin zai iya ninkawa, kuma a watan da ka fi buƙatar tsarin a nan ne zai fi tsada ko kuma ya tsaya saboda ya kai iyakar da aka saya. To ka tambayi kamfanin a rubuce: aiki nawa kuɗin watan ya ƙunsa, kuma me zai faru idan an zarce?

Batun WhatsApp ma yana da nasa sharaɗi. Manhajar WhatsApp Business da ke wayarka ba ta da ƙofar da aka amince a haɗa ta da wasu manhajoji. Hanyar da Meta, mai WhatsApp, ta yarda da ita ita ce WhatsApp Business Platform, inda ake biyan kuɗi a kan saƙonnin da kasuwa ta fara aikawa bisa samfurin da aka tantance, yayin da amsa wa mai saye cikin sa'o'i 24 da yin maganarsa take da sauƙi. Duk wanda ya ce zai haɗa maka ta bayan fage da araha, ka sani cewa lambar da abokan cinikinka suka sani shekara da shekaru ce kake jefawa cikin haɗarin rufewa.

Hajiya Mai Lissafi ta amsa:

Bayanin Injiniya ya yi ma'ana, amma ni a ganina ba a nan gizo yake saƙar ba. Na yi shekaru ina duba littattafan ƙananan 'yan kasuwa, kuma abin da na fi gani shi ne mutane suna gaggawar haɗa manhajoji alhali bayanan da ke cikinsu ba su daidaita ba. Alhaji, ka duba teburin sitonka yau. Ina kyautata zaton za ka tarar da atamfa iri ɗaya an rubuta ta da suna uku, mai sito ya kira ta da sunan kamfani, yaron shago ya kira ta da sunan da mata suka laƙaba mata, ƙanenka kuma ya rubuta launinta kawai. Ɗan Adam ya san duka abu ɗaya ne, kwamfuta kuwa kaya uku take gani. Haka nan awo: kana sayo shadda a bandir, kana sayar da ita a yadi, atamfa kuma a turmi. Idan ba a zauna an ba kowane kaya lamba ɗaya da awo ɗaya ba, haɗa manhajojin zai sa kuskure ya riƙa yaɗuwa da sauri ne kawai, daga sito zuwa littafin akanta cikin daƙiƙa biyu. Wannan aikin babu kamfanin da zai yi maka shi da kyau, domin kai da yaranka ne kuka san kayan, kuma ba ya cin kuɗi sai lokaci.

Na biyu, ka tambaya da wane kuɗi aka yanke farashin. Dandalolin da Injiniya ya ambata ba da naira suke karɓar kuɗi ba. Duk wanda yake kasuwanci ya tuna yadda Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a hukumance har ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya ƙulla yarjejeniyar da ta rataya a kan dala a wancan lokaci ya ga kuɗin watansa ya ninka har sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba. Idan kamfanin zai karɓi naira, a rubuta tsawon lokacin da farashin zai tsaya, da kuma sanarwar kwana nawa za su ba ka kafin ƙari. Ka kuma tambaya ko farashin ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, kada ya zo maka daga baya.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci a wurina, shi ne mallaka. Duk wani asusu da za a buɗe, ko na dandalin haɗawa ne ko na manhajar lissafi ko na karɓar kuɗi, a buɗe shi da sunan kasuwancinka da adireshin imel ɗinka, sannan kai ka ba su izinin shiga, ba su su ba ka ba. Idan asusun nasu ne, ranar da kuka saɓa za ka gane cewa tarihin cinikinka yana hannun wani. Sunayen abokan cinikinka da lambobin wayarsu kuma amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakinsu a kan wanda ya tattara su, ko da wani ne yake sarrafa masa su. Don haka a sa a yarjejeniya cewa ba za su yi amfani da su a wani abu daban ba, kuma idan kun rabu za su miƙa maka komai a tsarin da za ka iya buɗewa, su goge nasu kwafin.

Abu Hafsat ya amsa:

Ni hanyar biya sau ɗaya na bi, a kasuwancinmu na kayan gyaran babura, kuma ba zan ce na yi nadama gaba ɗaya ba. Yaron ya iya aiki, tsarin ya yi wata takwas lafiya. Daga nan ya samu aiki a Legas, wayarsa ta zama sai an yi sa'a. Wata rana muka lura wasu cinikai suna shiga littafi sau biyu, ashe sanarwar da take shigowa tsarin idan an biya kuɗi takan maimaita kanta idan ba ta samu amsa da wuri ba, shi kuma bai sa tsarin ya duba lambar cinikin ya gane cewa ya riga ya gan ta ba. Gyaran bai ɗauki wanda muka kira daga baya awa biyu ba, amma gano cinikan da suka ninku ya ci mana kusan mako biyu, kuma da farko mutumin ya sha wuya domin babu wata takarda da ta bayyana yadda aka tsara aikin.

Shawarata ita ce akwai hanya ta tsakiya. Ka biya matashin kuɗin aikin, sannan ku yi yarjejeniyar ɗan abin da za ka riƙa ba shi duk wata domin kulawa, ya kuma rubuta maka bayanin duk abin da ya haɗa, ta yadda wani zai iya ɗorawa idan ba ya nan.

Ɗan Kwari ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na buɗe teburin kamar yadda kika ce, kuma na samu leshi guda da suna huɗu, ba uku ba. Za mu fara da wannan. Amma Injiniya, ina da sauran tambaya. Yawancin masu sayenmu kuɗi suke turowa kai tsaye zuwa asusun shago na banki, wani lokaci ma da sunan matarsa ko ɗan'uwansa. Ta yaya manhaja za ta san wane kuɗi ne na wane ciniki?

Injiniya Bature ya amsa:

Alhaji, wannan tambayar ita ce ya kamata ka fara yi wa duka ɓangarorin biyu, domin amsarta za ta nuna maka wanda ya fahimci kasuwarmu da wanda ya haddace abin da ya gani a intanet. Gaskiyar magana ita ce manhaja ba za ta sani ba, muddin kowa asusu ɗaya yake turawa. Wasu suna ƙoƙarin karanta saƙon alat su fitar da suna da adadi, amma hanya ce mai rauni, saboda alat yana makara, wani lokaci ba ya zuwa, kuma mutum biyu suna iya turo kuɗi iri ɗaya a sa'a ɗaya.

Abin da ke aiki shi ne lambar asusu ta musamman. Kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack da Flutterwave suna iya samar da lambar asusu daban ga kowane abokin ciniki ko kowane ciniki, kuɗin kuma duka ya taru a wurinka. Idan mai sari na Gusau yana da tasa lambar, ko wa ya turo kuɗin an san nasa ne, kuma nan take kamfanin zai aika wa tsarinka sanarwa. Suna cire ladansu a kan kowane ciniki, don haka ka duba farashinsu na yanzu ka gwada shi da ribar da kake samu a turmi guda, musamman a sari inda ribar ba ta da kauri. Wataƙila ka ga ya fi maka ka ba manyan abokan cinikinka na dindindin irin wannan lamba, masu sayen ɗai-ɗai kuma a ci gaba da tabbatar da nasu da hannu.

Ko da wa ka zaɓa, kada a haɗa komai rana ɗaya. A fara da hanya guda, tsakanin ciniki da sito, tunda a nan kake jin kunya a gaban masu saye. Yaron da yake kwafe lambobi ya ci gaba da aikinsa na tsawon wata guda, kowace yamma a gwada nasa lissafin da na kwamfuta, kuma ka nemi a tsara maka saƙon da zai shigo wayarka duk lokacin da wani mataki ya gaza. Idan kamfanin ya yarda da gwajin wata ɗaya ko biyu kafin a ɗaure ka da yarjejeniyar shekara, ka sa gwajin ya faɗo a watan da ciniki yake da yawa, ba bayan sallah ba lokacin da kasuwa take kwance.